Yadda Na Goge Muryar Inna

Akwai maganar da ake yi a gidan nan da gidan Yaya Mamman na Wara, an daɗe ana yinta har ta zauna kamar gaskiya: wai 'yata Uwani ce ta ɓatar da muryar Inna. Na ji jikokin da ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin suna faɗinta, ba da mugunta ba, kamar yadda ake cewa wane dogo ne, wane gajere ne. To ba ita ba ce. Ni ne. Na sa wannan a farkon babin nan don wanda ya gaji da karatu ya tsaya a nan ma, ya tafi da abin da nake so ya tafi da shi. Wanda kuma yake son sanin yadda aka yi, ya biyo ni, sai dai ya yi haƙuri da tsoho, don sai na bi da ku ta cikin shago da cikin kwamfuta kafin mu isa.

Kun tashi kun tarar ana ce mini Garba Mai Inji, amma da bandar kifi na fara. Ina bin bakin ruwa daga Wara zuwa ƙauyukan Shanga, in saya, in ɗaure a kwanduna, in loda wa mota. Ba ƙarfi ne ya ɗaga ni sama da abokan sana'ata ba, ido ne. Ina ganin abin da ba shi da amfani da wuri. In an ce kwando sai da takarda uku a ciki, sai in gwada biyu, in ga ya isa lafiya, shi ke nan ta ukun ta tafi har abada. In an ce ba a sayen kifi sai ta hannun dillali, sai in shiga jirgi in je wurin masuncin da kaina. Duk abin da aka ce mini dole ne, sai na cire shi sau ɗaya in ga ko wani abu zai lalace. Da wannan hali na koma sayar da injin jirgin ruwa da kayan gyaransa a Yelwa, da shi na gina ɗakunan da kuka kwana a ciki. Ban samu komai kyauta ba, har yatsu biyu na hannun hagu farfela ta karɓa a wani gwajin inji. Ku riƙe halin nan da yatsun nan, za su dawo.

Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka yawaita, masunta suka daina ɗauko abin da ya lalace su kawo shago. Mutum yana can tsakiyar ruwa sai ya ɗauki hoton fulogi ko karyayyar farfela ya turo, ya ce a nemo masa irinsa kafin ranar kasuwa. Wayata ta cika, na fara rikita na wane da na wane. A lokacin Uwani ta gama karatun kwamfuta tana gida. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ba ku taɓa jin na kira sunanta na yanka ba. Ta ɗauko wata tsohuwar kwamfutar hannu da wani ya haɗa mini da ita a musayar inji, wadda wurin shafa yatsanta ya mutu, ta share ta, ta sa mata wani tsari mara nauyi. Ba hotuna da ake dannawa, sai baƙin allo da manyan fararen haruffa saboda idona. Ka rubuta umarni, ka danna, ta yi. Shel suke ce wa abin da ke karɓar umarnin. Ni kuwa ya yi mini daɗi, don na gaji da ma'aikata masu gardama. Ta buɗe wa kowane gari folda, wato ma'ajiyarsa: Shanga, Ngaski, Wara. Ta rubuta mini umarni biyar a bayan kwalin fulogi ta manna a bango: na duba abin da ke ciki, na shiga folda, na kwaso hotuna daga waya, na buɗe hoto, da na gogewa. A kan na gogewar ta daɗe.

"Baba, ka ɗauki abin nan kamar ɗan dako mai ƙarfi wanda ba ya tambaya," in ji ta. "Duk inda ka bar fili tsakanin kalma da kalma, shi a wurinsa kaya ɗaya ya ƙare, wani ya fara. In sunan folda kalma uku ne, kana so ya ɗauke shi a matsayin kaya guda, sai ka ɗaure masa shi."

"Da wace igiyar?"

Ta nuna mini alamar nan da ake sa wa zancen wani a littafi, 'yan ƙananan wakafi biyu a sama, gaba da baya. Kunnuwa muka riƙa ce musu.

"Kunnuwa a farko, kunnuwa a ƙarshe. Kullum, Baba. Ko sunan kalma ɗaya ne, ka sa, hannunka ya saba. Kuma wannan na gogewar ba shi da kwandon shara. Abin da ya ɗauka ya ɗauka."

"Na ji, malama. Kifi nawa kika taɓa ɗaurewa da za ki koya mini ɗauri?"

Ta yi dariya. Na tuna dariyar, don daga baya ta yi wuyar gani.

Fitar da kunnuwan nan sai an danne wani maɓalli a gefe, a riƙe shi, sannan a buga wani. Hannun hagu ne ya kamata ya riƙe, ni kuwa a daidai wurin ba yatsa. Sai in karkato, in lalubo da babban yatsa, mutane suna tsaye suna jirana. Sati biyu na yi ina wahala, rannan halina ya motsa. Foldar Shanga ta cika da hotunan kayan da aka riga aka sayar, na rubuta umarnin gogewa ba kunnuwa, na danna. Ta tafi lafiya lau. Na gwada da Ngaski, haka. Sai na yi murmushi irin na ranar da na cire takarda ta uku. Na ce a raina, 'yan boko ke nan, sai sun naɗe abu da abin da ba ya buƙata. Ban gaya mata ba. Ban kuma gane cewa gwajina bai gwada komai ba, tunda Shanga kalma ɗaya ce, Ngaski kalma ɗaya ce, babu abin da zai warwatse balle a ga amfanin igiya.

A daminar shekarar jikin Inna ya fara sanyi. Tana Wara a gidan Yaya Mamman, yayana wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Inna a gungu aka haife ta, tsibiri a tsakiyar kogi, cikin garuruwan da ruwa ya cinye da aka tare kogin aka yi tafki. Da Gunganci ta tashi, mu kuwa Hausa ta cinye mana baki, ni ina ji kaɗan, ku ba kwa ji sam. Uwani ta tafi jinyarta. A nan ta riƙa ajiye waya kusa da tabarma tana jan ta da hira. Inna ta bi gidajen tsohon garinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ke kusa da wa, ina ake shanya albasa, wace bishiya ake ɗaure jirage, ta yi waƙoƙin daka da na tuƙin jirgi, ta jero kakanninmu har inda ta iya tunawa. Kusan kullum har damina ta fita. Da wayar ta cika, Uwani ta zo Yelwa kwana ɗaya ta juye komai a kwamfutar shago, ta share wayar don ta samu wurin ɗaukar wani.

"Wane suna zan sa wa foldar?" ta tambaye ni.

"Sa mata Wara. Ai mu in mun ce Wara, Inna muke nufi. Waccan tawa ta hotuna ki mayar da ita Wara kayan inji, kada in rikita su."

Kun ga, da niyyar kiyayewa na yi. Ta canza sunan, sannan ta ce in sayo wani ƙaramin ma'aji na daban a kwafe muryar a ciki, a ajiye a gida. Na ce abu ɗaya a wuri biyu, wannan ai ɓarna ce, kwamfutar tana cikin shago da kwaɗo, wa zai taɓa ta? Ta ce to in na samu sarari dai. Ban samu ba, don ban nema ba. Ta koma Wara, amma ba ta ƙara ɗaukar komai ba, don daga makon nan Inna ta daina doguwar magana. Bayan an yanke dawa Allah Ya karɓi abinSa.

Uwani ta zauna can tare da mata har a yi arba'in. Ni na dawo shago bayan bakwai. Wata ranar kasuwa da hantsi, shago cike, wani masunci daga wajen Shanga ya ajiye mini inji a ƙofa yana jira, na zo kwaso hotuna daga waya sai kwamfuta ta ce ba wuri. Na san hotunan kayan Wara sun tsufa, an gama da su. Na rubuta haka, kuma na kwafo muku shi yadda yake:

rm -r Wara kayan inji

Na danna. Ta ɗan yi jim, fiye da yadda ta saba, sannan ta fito da layi biyu na Turanci. Turancina na kasuwa ne, amma na gane: ba ta ga wani abu mai suna kayan ba, ba ta ga wani abu mai suna inji ba. Kalma uku na ba ta, ƙorafi biyu ta yi. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye a bakin mota yana duba ko kwandunansa sun cika ba zai ce bai lura ba. Na lura. Umarnin dubawa yana nan a kwali, haruffa biyu ne kacal, amma ban buga shi ba. Na sake gwada kwaso hotuna, suka shiga ba gardama, wuri ya samu, mai yawa ma. Masuncin ya ce, "Alhaji, rana tana yi." Na juya wurinsa. Sati uku na yi ina zuba sababbin hotuna a kwamfutar nan kullum, ina shiga foldar da nake so kai tsaye, ban yarda na kalli jerin sunayen ba ko sau ɗaya. Daga baya na san cewa da na kashe ta a ranar na kira Uwani, da an iya tono mafi yawa, don abin da aka goge yana kwance har sai an zuba wani a kansa. Ni ne na yi ta zubawa.

Ranar arba'in na ɗauki kwamfutar da hannuna na kai Wara, don Yaya ya ce bayan addu'a za a saurari Inna. An yi addu'a da safe, an raba waina, baƙi sun ragu, aka shimfiɗa tabarmi a rumfar tsakar gida. Har Kawu Bulus ya zo, ƙanen Inna da ke wajen Shanga, wanda yake zuwa coci, shi kaɗai ya rage mai jin Gunganci har ƙasa. An ɗauko shi a babur, ya ce waƙar tuƙin jirgi yake son ji, tun suna yara rabonsa da ita. Uwani ta zauna a tsakiya, ta ɗora kwamfuta a cinya, ta buga umarnin dubawa. Ina kallon fuskarta. Ta sake bugawa. Ta buga wani abu daban, dogon jeri ya fito, ta bi shi da ido, ta tsaya a wani layi. Daga nan ta ɗago. Ba fuskata ta kalla ba, hannuna na hagu ta kalla, yana kan gwiwata. Sai ta rufe kwamfutar a hankali.

"Uwani, mi ya faru?" in ji Yaya Mamman. "Muna jira."

"Baba Mamman, babu su."

"Babu mi?"

"Muryar. Ta goge."

"Ta goge da kanta? Ko iska ta ɗauka?"

A nan ne wurina. Ba sai na yi dogon bayani ba, kalma biyu ce, ni ne. Na buɗe baki, na ga Yaya, na tuna shekarun da ya yi yana cewa kasuwa ta cinye Garba, ya bar masa tsohuwa, ba ya zuwa sai da Salla, in ya zo ma waya na kunnensa. In na ce na goge uwarmu don in samu wurin ajiye hoton fulogi, to na sa hannu a kan duk abin da ya taɓa faɗa. Na rufe bakina.

"Ni ce ban adana da kyau ba," in ji Uwani. "Ya kamata in ajiye a wuri biyu."

"Ke da anka kai makaranta don wanga abu!" Yaya ya miƙe tsaye. "Damina guda kina tsare tsohuwa da tambaya, ba ki bar ta ta huta ba, muka yi shiru don mun ce ajiya kike yi muna. Ashe wasa kike. Sunanta anka ba ki, ke ko muryarta kin kasa riƙewa!"

Kawu Bulus ya laluba sandarsa, ya ce a kira mai babur. A bakin ƙofa ya dafa kan Uwani ya yi mata wata magana da Gunganci, ba wanda ya fahimta a cikinmu. Bai kai damina ta gaba ba.

Da muka dawo Yelwa ta karɓe kwamfutar, ta shiga ɗaki da ita kwana huɗu, tana fitowa salla da abinci kawai. Abin da ta iya tonowa guntu ne ɗaya, bai kai tsawon Fatiha ba. Inna ta yi tari, ta ce da Hausa, "Ke, rufe ƙofar nan, kaji za su shigo," sai ƙarar ƙyaure, sai ta fara wata kalma da Gunganci, ya yanke. Uwani ta sa a waya ta kai wa Yaya har Wara. Ya saurara sau ɗaya ya ce, "Wannan ne gadon da kika bar muna? Kaji?" Ta dawo a motar yamma, ba ta ba kowa labari ba, a bakin matarsa na ji.

Uwarku Asabe ba ta san kwamfuta ba, amma ta san 'yarta, ta kuma san ni. Wata rana ina alwala ta tsaya a kaina.

"Malam, yarinyar nan ko allura ta ajiye, bayan shekara za ta ɗauko maka ita. Yaya aka yi?"

"Ƙaddara ce. Ki bar maganar."

"Tun da kuka dawo ba ka kalle ta a ido ba. Ni dai na ga wannan."

Na ce mata ruwan butar ya ƙare, ta ƙaro.

Na riƙa gaya wa kaina cewa abin zai wuce, zafin rasuwa ne, yarinya ce, za a manta. Bai wuce ba. Da auren Uwani ya tashi, bisa al'ada Yaya Mamman ne waliyyi, shi zai ba da ita, kamar yadda ya ba da yayyenta ya kuma ba da ƙannenta daga baya. Ya aiko cewa ƙafa ta hana shi. A makon nan kuwa an gan shi a kasuwar Wara yana taya awaki. Wani ɗan baffanmu ne ya tsaya a madadinsa, mutane suka lura, aka yi ta ƙus-ƙus a bayan masallaci, dangin miji ma suka tambaya ko akwai wani abu. Na ce ba komai, tsufa ne. Ta tare a Birnin Kebbi, ta samu aiki a can. Tana zuwa Yelwa da Salla, ta gaishe ni da ladabi, ta kawo mini magani da tabarau, amma ba ta ƙara taka Wara ba, ba ta kuma ƙara zama a shago ta yi mini dariya ba. In kwamfuta ta ba ni matsala, sai ta gaya mini abin yi ta waya, a taƙaice, kamar ma'aikaciyar ofis.

Shekara huɗu bayan haka Yaya ya kwanta ciwon ajali. Na je na zauna da shi kwanaki, abin da ban yi wa Inna ba. Wata rana bayan azahar ya ce a miƙo masa waya. Ashe bai taɓa goge guntun nan ba. Ya sa ɗansa ya kunna, ya sake, ya sake. Rufe ƙofar nan, kaji za su shigo. Yana murmushi, hawaye na bin kunnensa.

"Ka ji ta, Garba? Haka take yi. Ko sarki ke magana, sai ta ga kaji." Ya share hawaye. "Da ɗiyarka ta kula, da yanzu muna da ita duka."

Mu biyu ne a ɗakin bayan yaron ya fita. Ba taro, ba kunya a gaban jama'a, ba abin da zai iya yi mini. Na ce a raina kada in tayar wa marar lafiya hankali. Wannan ita ce hujjar da na ba kaina, kuma ƙarya ce, tsoro ne dai irin na rumfa. Na gyara masa matashi. Kwana biyu bayan nan ya rasu, yana riƙe da Uwani a ransa.

Bayan an share makoki na ɗauki kwamfutar na hau mota zuwa Birnin Kebbi, ban gaya wa kowa dalili ba. Na same ta da safe tana shirin fita aiki, ta ajiye jaka ta shimfiɗa mini darduma. Ban tsaya dogon gaisuwa ba.

"Uwani, ni na goge foldar Inna."

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun a rumfa. Abin nan yana ajiye duk umarnin da aka ba shi, a jere. Na ga layin."

"To me ya sa kika ɗauka?"

"Na jira ka yi magana. Da ba ka yi ba, kowa yana kallona, sai na ga dole wani ya amsa wa Baba Mamman." Ta gyara mayafi. "Na ɗauka kwana biyu za ka yi ka gyara. Sai na ce bayan Salla. Sai na ce kafin biki. Daga nan na daina cewa komai."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na buɗe kwamfutar na ce ta nuna mini abin da ya faru daki-daki, don ban son in mutu ban san yadda na yi ɓarnata ba. Ta buɗe foldar gwaji, ta yi wasu na ƙarya a ciki, ta nuna mini. Kafin umarni ya fara aiki, shel ne ke fara karanta layin, ya yanyanka shi a duk inda ya ga fili, ya miƙa wa mai gogewa guntayen ɗaya bayan ɗaya. Mai gogewa bai taɓa ganin abin da na rubuta ba, abin da aka miƙa masa ya gani: Wara, sai kayan, sai inji. Na farko yana nan, ya ɗauke. Kunnuwa kuwa shel suke yi wa magana, cewa kada ka yanka nan, ya cire su ya miƙa sunan a dunƙule. Ta ce ɗaurin iri-iri ne. Kunnuwa bibbiyu kamar kwando ne da aka rufe da raga, kaya ba ya warwatsewa, amma in akwai alamar dala a ciki shel zai iya zura hannu ya musanya ta da abin da take wakilta. Kunne ɗaya-ɗaya kuwa buhu ne ɗinkakke, ba abin da ake taɓawa a ciki. Akwai kuma wata karkatacciyar sanda da ake sawa gaban fili guda, ta kare shi shi kaɗai.

"Wannan ɗaya-ɗayan," na ce, "ina maɓallinsa?"

"Shi ne dai wancan. In ka buga shi haka nan, ba ka riƙe na gefe ba."

"Da yatsa ɗaya?"

"Da yatsa ɗaya."

"Kuma da ya yi aikin?"

"Da ya yi." Ta sunkuyar da kai. "Bibbiyun na koya maka don na san wata rana za ka rubuta suna irin 'Yan Shanga, mai ɗauke da alamar a jikinsa, buhun ya yage. Na so ka riƙe ƙa'ida ɗaya. Ban duba hannunka ba, Baba. Wannan kam na daɗe ina jinsa."

Na ce mata kada ta ƙara ɗaukar ko ƙwayar gero daga kayan nan. Hannu bai hana ni tambaya ba. Da na ce mata abin yana ba ni wuya, da ta nuna mini a minti ɗaya. Ban tambaya ba don na riga na yanke cewa na fi ta sanin abin da ke da amfani. Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe, don ba ta iya ƙarya ba sai sau ɗaya ɗin nan. Sannan ta duba agogo ta ce za ta makara, in ci abinci kafin in tafi. Gafara ba ta mayar da mutum bakin shago yana dariya, wannan ma na koya.

Na je Wara na gaya wa matar Yaya da manyan 'ya'yansa. Suka ce Allah Ya rufa asiri, abin ya wuce, Alhaji kada ka damu kanka. Na ga a idonsu sun ɗauka uba ne ke rufa wa 'yarsa. Magana ta shekara huɗu ba ta fita da zama ɗaya, shi ya sa har yau yara ke maimaita ta, shi ya sa kuma na rubuta. Wanda ya fi cancanta ya ji, ba zai ji ba. Ku dai in kun taru, a Yelwa ko a Wara, wani ya karanta wannan babin da ƙarfi, ko Uwani tana nan ko ba ta nan. Wanda ya yi shakka, kwamfutar tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, tana tashi in an yi haƙuri da ita, layin yana nan, na sa an kwafe shi a wuri biyu.

In kun kunna ta za ku ga folda mai suna Wara kayan inji. Ba abin da ya same ta. Na buɗe ta kwanakin baya, na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya: fulogi mai tsatsa, farfela mai kunne biyu, tiyon mai da ya tsage, wani da babban yatsan masunci ya rufe rabinsa. Duk suna nan, garau, ko ɗaya bai ɓata ba.